Shimfiɗar da Na Zaɓa wa Kawu a Duwatsun Hatta

A shekarata ta biyar a Dubai, wato 2018, son hawan dutse ya kama ni, kuma har yau ban san ta ƙofar da ya shigo ba. Ni mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. A garinmu in ka tsaya a bakin kasuwa kana hango mai keke tun yana ɗan ɗigo, ka gama cinikinka bai iso ba. Abin da ya fi komai tudu a wajenmu suri ne.

A shagon kago, wato na aika kaya, na ƙanin mahaifiyata nake aiki, a cikin lungunan unguwar Naif. Shi ya kawo ni, shi ya yi mini biza, kuma ko a gaban baƙi Kawu nake kiransa. 'Yan kasuwa daga Kano da Damagaram da Kumasi su sayo abayoyi da jakunkuna da turare, su jibge mana, mu auna, mu ɗaure, mu nannaɗe da salatif, in rubuta sunan mai kaya a jikin kwali. In ka ɗaga kai a lungunmu, sama ɗan tsiri ce tsakanin benaye biyu, ita ma rabinta shanya ta rufe.

Wanda ya fara kai ni Hatta, wani yanki mai duwatsu a bayan Dubai, abokina ne, mutumin Zangon Kumasi, direba a wani otal a unguwar Al Rigga. A masallaci muka saba. Aikinsa ya haɗa da kai baƙi yawon buɗe ido, kuma wata rana bayan sallar isha'i ya ce mini akwai wasu Turawa da yake saukewa a gindin dutse, su goya jakunkuna su shige, sai washegari ya je ya ɗauko su sun yi baƙi suna ta murna.

"Cale," in ji shi, don haka suke kiran aboki a wajensu, "ina so in san abin da ke sa su murnar nan. Zo mu je mu leƙa."

Yana da wata tsohuwar mota tasa. Muka kama hanya bayan sallar Juma'a, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Benaye suka ƙare, jan yashi ya karɓa, daga nan sai ga duwatsu sun taso gabanmu, jere bayan jere, baƙaƙe da jajaye kamar an gasa su an sauke. Da muka fito daga mota na ji bakina yana tasbihi ban umarce shi ba. Na yi shekara biyar ina zaton ƙasar nan gilashi ce da siminti da teku, ashe ga abin da aka ajiye a bayan gida.

Akwai doguwar hanyar ƙafa da ta ratsa cikin duwatsun, an yi mata alamu da fenti a jikin duwatsu da ƙananan turaku. Ba ta biyuwa a yini ɗaya, ga shi mu ma'aikata ne, daga bayan Juma'a zuwa azahar ɗin Asabar kawai muke da shi. Sai muka yanka ta gaɓa-gaɓa kamar rake. Kowane mako mu ajiye mota a wani wuri, mu shiga wata gaɓar, mu nemi inda za mu kafa tanti kafin magariba, da safe mu ƙarasa mu dawo. Tantin ma a Naif muka saya, mai ruwan lemo, da jakunkunan goyo biyu waɗanda zif ɗinsu ya mutu tun a makon farko.

Abokina da taswirar waya yake aiki. Ni kuwa ɗan littafi nake sawa a aljihu. Mahaifina malami ne, a gabansa na koyi riƙe alƙalami, kuma duk da na iya boko, da shi nake rubuta sunayen mutane a kwali, abin da ya shafi zuciyata hannuna daga dama yake fara shi. Don haka da ajami na riƙa rubuta kowace gaɓa: inda rana ke fitowa, inda alƙibla take, ko akwai fili daidai goshin mutum biyu, ko iska na kaɗawa da yawa. Har sunaye na ba su. Akwai Gaɓar Awaki, kyakkyawa ce amma warin ba ya barin mutum ya yi tunani. Akwai Gaɓar Turakun Lantarki, wadda da ba don wayoyin da suka tsaga sama ba da babu kamarta. Akwai Gaɓar Masu Keke, inda muna tsakiyar sallar la'asar wani ya sauko da gudu ya kusa bi ta kan buta. Akwai wadda ke saman madatsar ruwa, ruwan kore shar kamar an zuba masa shuɗi da ganye, sai dai jama'a sun yi yawa da kiɗa. Abokina yakan leƙa littafin ya girgiza kai.

"Wannan sirrin naka ko ɓarawo ya sace sai ya dawo maka da shi."

Matsalar ita ce safiyar Asabar lokacin aiki ne a shago. Kawu ya bar mini ita ne da farko don yana zaton wata ta'aziyya ce ko ziyarar malami. Da ya ga mako na bin mako, ina dawowa da ƙafa a kumbure da haƙora a waje, sai wata Lahadi ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Wai ɗan nan, me ke can ɗin?"

"Duwatsu, Kawu."

"Sai me?"

"Sai wasu duwatsun a bayansu."

"Ana sayar da wani abu?"

"Ba a sayar da komai."

"Akwai wani malami da kake karatu a wajensa?"

"Babu."

"Mace ce?"

"Kawu, awaki ne kawai."

Ya juya cokali a cikin kofin. Sannan ya ce mahaifiyata ta bugo waya ta tambaye shi lafiyata, ya rasa abin faɗi, don ba zai iya ce wa yayarsa ɗanta yana barin katifa da na'urar sanyaya ɗaki duk Juma'a ya je ya kwanta a ƙasa kamar wanda aka kora daga gari ba.

"Juma'a ta sama zan bi ka in gani da idona," in ji shi. "In na ga abin da ya isa a bar shago dominsa, Asabar taka ce. In ban gani ba, khalas, ka dawo bakin sikeli."

Na ce to. Da na fito waje sai na fara lissafi. Kawu ya haura sittin, yana da jiki, gwiwarsa ta hagu tana ba shi labarin kowace matakala. Ina bukatar wuri kusa da inda mota ke tsayawa, mai kyan da zai rufe masa baki, mai laushin da ƙashin bayansa ba zai yi ƙara ba. Na buɗe littafina daga farko har ƙarshe, babu gaɓa ɗaya da ta haɗa ukun nan. Masu kyan suna da nisa, na kusan kuma tsakuwa ce zalla.

Juma'ar da ta rage mana muka fita nema gadan-gadan. Muka shiga wata gaɓar da muke tsallakewa kullum don daga bakin hanya ba ta da fasali. Mun yi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba sai hanyar ta gangara cikin wani kwari, irin wanda Larabawa ke kira wadi, wato kogin da ya ƙafe. Muka zagaya wata kwana, na tsaya cak. Duwatsu biyu sun buɗe kamar ƙofar zaure, a tsakaninsu ga rairayi fari mai laushi shimfiɗe, a gefensa ga bishiyar kurna. Kurna tamu ta gida, da ƙayarta da 'ya'yanta. Can gaba kaɗan ga tumfafiya ta baje ganye. Na zauna a rairayin na cusa hannu, sanyinsa ya hau har kafaɗata. Na yi ta dariya ni kaɗai, abokina yana tambayata ko rana ce ta taɓa ni.

A garinmu akwai kogi irin wannan. Da damina ya cika ya tumbatsa, da ta wuce ya ƙafe, kuma daga nan har wata damina rairayinsa dandalin gari ne. A can samari ke kokawa, a can matafiya ke yada zango, a can ake shanya hatsi. Babu wanda ya taɓa duban sama kafin ya kwanta a ciki lokacin sanyi, don ruwa da sanyi ba sa haɗuwa a wata ɗaya. Zan faɗi gaskiya, na ga an yi ruwa a Deira, ɓangaren Dubai da shagonmu yake, cikin sanyi, sau ɗaya ko biyu a shekara, mu fito mu janye kwalaye daga bakin ƙofa. Amma ban taɓa lissafa shi cikin ruwan sama na gaske ba. Kaina ya san wannan ƙasa daban take, jikina kuwa da ya ga kurna ya yanke hukunci cewa gida ya zo. A littafina na rubuta Gaɓar Kurna, na ja mata layi biyu a ƙasa.

Ranar tafiya Kawu ya fito daga masallaci da kaftaninsa na Juma'a da hula, ya ce ba zai canja kaya don dutse ba. A bayan mota muka loda dardumarsa, da matashin kansa, da flas biyu na shayi, da buta, da ƙunshin kilishi, da wata tukunya guda cike da dafa-duka da naman rago, wadda ya sa wata mai abinci 'yar Najeriya a unguwar Al Ras ta dafa masa tun safe. Na ce Kawu, masu hawan dutse biredi da dabino suke ɗauka.

"Shi ya sa suke dawowa kamar tsinke," in ji shi.

Tukunyar ba ta shiga kowace jaka. Abokina ya naɗe tawul ya yi gammo ya ɗora ta a ka, ya kama hanya yana rangaji. Ni na goyi jaka a baya, wata a gaba, darduma a hammata. Kawu yana tsakiya da carbi, yana cewa shwaiya shwaiya, wato sannu sannu, yana gaida duk wanda muka gamu da shi, ya tambaye shi gida da iyali ko da mutumin bai ji ba. Wasu mata biyu Turawa da sandunan tafiya suka tsaya suna kallon tukunya a kan abokina. Ya sake hannu biyu ya juya musu sau ɗaya, suka tafa. Kawu ya ce in miyarsa ta zube, mutumin Kumasi zai koma Dubai a ƙasa.

Duk ɗan tudu sai ya tsaya ya ce, "Nan ne?" In ce saura kaɗan. Ya ce Asabar ɗina tana raguwa da kowane taku.

Da muka zagaya kwanar nan sai maganarsa ta yanke. Ya tafi kai tsaye wajen kurnar, ya tsinki ɗa ɗaya ja, ya goge a hannun riga, ya jefa a baki. Ya tauna a hankali, ya tofar da ƙwallon. Ya cire takalmansa ya taka rairayi, ya yi ta nutsa yatsunsa a ciki.

"Rabona da kurna tun kafin a haife ka," in ji shi.

Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya shiga ba mu labarin yadda suke tona rairayin kogin garinmu da ƙoƙo suna yara har ruwa ya tsattsafo, da wanda ya kayar da shi a kokawa, da wanda shi ya kayar, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba. Abokina ya ƙyafta mini ido. Muka kafa tanti a tsakiyar rairayin, muka sa matashin Kawu a ciki, muka yi la'asar raka'a biyu ta matafiya. A sujada ina jin sanyin yashi a goshina, ina gode wa Allah, a raina kuwa na riga na fara tsara Asabar goma masu zuwa.

Muna zuba shayi sai muka ji ƙarar tsakuwa. Awaki ne suka fara ɓullowa, bayansu wani dattijo ɗan ƙasa, siriri, da farar riga da ta tsaya a ƙwauri, da sanda. Ya yi sallama. Kawu ya miƙe da murna, don a ƙarshe ya samu wanda ya san gaisuwa. Suka yi ta yi, lafiyar jiki, lafiyar iyali, lafiyar dabbobi, Kawu da Larabcinsa na kasuwa, ni ina cike masa da nawa na littafi. Bayan an gama sai dattijon ya nuna tantin da sandarsa ya ce mu tashi daga nan, ba a kwana a cikin wadi. Ya juya ya nuna can nesa, wajen iyakar Oman, inda wani ɗan baƙin hadari ya zauna a kan duwatsu, bai fi tafin hannu ba. Ya ce ana ruwa a can, kuma ruwan can nan yake biyowa.

Mun ji shi sarai, babu kalmar da ta ɓace mana. Kawu ya ɗaga kai ya dubi saman da ke kanmu, fes, ko ɗigon gajimare babu.

"Gaya masa mun gode," ya ce mini da Hausa. "Amma muna tsakiyar sanyi. Ni a bakin kogi aka haife ni. Kogin da ya ƙafe sai damina."

Abokina ya ce ko a wajensu haka ne, wannan watan ko rijiya ja da baya take yi. Ni ma na gyaɗa kai. Na juya na ce wa dattijon insha Allahu za mu tashi, irin insha Allahun da ake faɗa wa babba don kada a musa masa. Muka miƙa masa shayi. Ya tsuguna ya shanye, ya sake faɗa. Muka sake cewa insha Allahu, Kawu ya tura masa kilishi.

Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da alama ya san irin wannan insha Allahun, don su ma suna da ita. Ya ajiye kofi, ya soke sandarsa a hammata, ya sunkuya ya kama tukunyar dafa-duka da hannu biyu, ya juya ya kama wata siririyar hanyar awaki da ta hau gefen dutse.

Muka bi shi da ido. Sai da ya yi nisa Kawu ya farga.

"Ɗan nan, abincina ne fa yake tafiya."

Abokina ya tashi ya bi shi yana kiran ya hajji, ya habibi. Dattijon bai waiwayo ba, kuma duk da tukunya a hannu ya fi shi sauri. Na bi su, na dawo, na sake bi. Kawu yana tsaye yana neman takalminsa ɗaya, yana cewa shekara ashirin yana ƙasar nan ba a taɓa yi masa fashi ba sai yau, kuma da sallama. Daga ƙarshe ya ce ba zai zauna gadin yashi ba alhali naman rago yana kan dutse. Muka kwashi darduma da flas da buta da jakunkuna, muka bar tanti a kafe, da niyyar mu karɓo tukunya mu ba dattijo haƙuri mu dawo.

Hawan nan ba zan manta da shi ba. Ni ina tura Kawu ta baya, abokina ya sauko yana jansa ta gaba, hularsa ta karkace, kaftanin Juma'a ya tattare har gwiwa. A wani wuri sai da ya rarrafa. Tsakanin numfashi da numfashi yana faɗa mini cewa Asabar ta tafi, Juma'ar ma zai duba. Ni kuwa dariya ta cika mini ciki, ina danne ta, tana fita ta hanci.

A sama muka tarar da wani fili da aka daɗe da gyarawa, an tare gefensa da jeren duwatsu, ga garken awaki a bayansa da 'yar bukka. Dattijon ya ajiye tukunya a tsakiya, ya zauna kusa da ita ya harɗe ƙafa. Kawu ya zube a kan dutse yana haki, yana ɗaga yatsa alamar a jira shi, yana da jawabi in numfashi ya dawo.

Jawabin bai samu fita ba. Wani ƙamshi ya fara zuwa, na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na ruwan farko. Sai ƙara daga can cikin kwarin, kamar tirela tana tahowa a kan gada. Awaki suka daina motsi. Muka matsa bakin jeren duwatsun muka leƙa. Daga kwanar da muka shigo ta cikinta ruwa ya ɓullo, ja kamar kunun kanwa, yana turo itatuwa da tsakuwa a gabansa. Daga sama gani kake kamar a hankali yake tafiya. Kafin in gama salati ya rufe rairayin, ya kai wa kurna har ƙugu. Tantinmu ya ɗan yi gardama, ya tashi tsaye, ya juya sau biyu kamar mai rawa, ya bi ruwa ya sha kwana. A kanmu kuwa rana tana nan, ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Na dubi daidai wurin da goshina ya taɓa ɗazu, babu komai sai kumfa.

Can abokina ya ce a hankali, "Alhaji, matashinka na ciki."

Kawu ya dube shi. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har ya riƙe ciki yana share hawaye da hula. Muka kama mu ma, har na zauna a ƙasa. Mu yi hamdala, mu koma dariya, mu yi istigfari, wani ya ce "sai damina," mu sake ɓarkewa. Dattijon yana kallonmu kawai, sai da Kawu ya rarrafa ya kama kansa ya sumbata sannan ya yi murmushi, ya buɗe murfin tukunya ya leƙa ya ce yalla, wato mu ci.

Shi muka tura gaba ya ja mu magariba. Muka ci dafa-duka mu huɗu a tukunya ɗaya, ya ce barkono ya yi yawa, ya ƙara loma. Ya ba mu barguna biyu masu warin awaki, muka kwana a filin nan, Kawu ya yi matashi da jakata.

Da asuba sanyi ya tashe mu. Bayan mun idar da salla muka zauna cikin barguna muna jiran haske. Duwatsu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, na kusa baƙaƙe, na bayansu shuɗaye, na can ƙarshe kamar hayaƙi. Rana ta taɓa ƙololuwar mafi tsawo ta mai da ita ja, jan ya yi ta gangarowa. A ƙasa ruwan ya janye, ya bar tafkuna ƙanana a jere suna ƙyalli, kurna tana tsaye da ciyayi rataye a rassanta. Duk gaɓoɓin da na rubuta babu wadda ta kama ƙafar wannan, kuma mako guda da ya wuce na bi ta ƙarƙashinta ban ɗaga kai ba. Na ciro littafi zan rubuta, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa don sanyi. Kawu yana jan carbi, idonsa a kan duwatsu.

A mota, da benayen Dubai suka fara bayyana, sai Kawu ya juyo ya dube ni.

"Ka kusa kashe ni," in ji shi.

"Haka ne, Kawu."

"Da kai da kurnarka."

Na so in tuna masa wanda aka haifa a bakin kogi, amma na ga ba ranar ba ce. Na koma bakin sikeli da azahar. Lahadi ta wuce, Litinin, Talata, bai ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Na fara sallama da duwatsu a zuciyata. Na ce wa kaina ai na gani, wani ma bai gani ba, amma salatif sai ya riƙa tsinke mini a hannu.

Ranar Alhamis da yamma aka shigo da wani kwali aka ajiye gaban teburin Kawu. Na ɗauko alƙalami na tambayi sunan mai kaya da garin da za shi.

"Ba ya zuwa ko'ina. Buɗe."

Takalman hawan dutse ne, masu kaurin ƙasa da igiya, dozin guda.

"Na ce ƙafa ɗaya nake so, suka ce su sari suke yi," in ji shi, yana duban wani wuri. "Ka zaɓi naka. Ka kai wa mutumin Kumasi nasa. Ka ware ɗaya na dattijon nan, na ga silifas ɗinsa ya cinye."

"Kawu, Asabar ɗin fa?"

"Za a rufe shago har azahar, zuwa sanyi ya wuce. Wanda ke da kaya ya jira." Ya ɗauko ɗaya yana gwadawa, yana nishi wajen sunkuyawa. "Kai ka ci gaba da nemo mana hanya, ka iya wannan. Wurin kwanciya kuwa ba ni ba kai, dattijo za a tambaya. Zo ka ɗaure mini igiyar nan, cikina ya tare."

Na durƙusa na ɗaure masa. Ya miƙe ya taka daga sikeli zuwa ƙofa ya dawo, da kaftani da hula, ya ce na hagun yana ɗan matsa shi, a ba shi lamba ta gaba.